Ranar da Famfon Kamazou Ya Kawo Ruwa

Akwai ranar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita a aikin nan, ranar da muka kai masu zuba jari wata unguwa a can ƙarshen Kamazou. Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina ƙaramin jami'in nazari a wani kamfanin ba da shawara kan harkar kuɗi.

Bari in ɗan yi bayani saboda ku da kuka shigo kwanan nan. Kamfanonin da ke riƙe da kuɗin fansho da na inshora suna da dukiya mai yawa a hannu, amma ba tasu ba ce, ta ma'aikata ce. Shi ya sa suke da tsoro, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Aikinmu shi ne mu ɗauko aikin ruwa ko wuta ko hanya, mu tsara shi yadda za su yarda su ba da bashi na shekaru masu yawa. Ba sa bayarwa sai wani kamfani ya tsaya wa bashin, wato in aka kasa biya, shi zai biya. Shi kuma mai tsayawar ba ya sa hannu sai ya turo mutum ya gani da idonsa cewa akwai masu buƙatar abin, kuma za su iya biya.

Namu aikin na ruwa ne: rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola, babban tanki, da bututu zuwa gidaje, kowa da mitarsa. Hujjarmu guda ce. Da bazara rijiyoyin unguwar ƙafewa suke yi, mutane su koma sayen ruwa da tsada a hannun 'yan garuwa. Wanda ke biyan ɗan garuwa, a ganinmu, zai biya mita. Na yi makonni ina zirga-zirga a unguwar, na ga layin jarkoki da idona. Duk da haka na cika rahotona da "mai yiwuwa" da "bisa ga alama", shugaban sashenmu Alhaji Sabo ya bi ya goge su ɗaya bayan ɗaya.

Da aka sa ranar ziyara, Alhaji ya kira Baba Yakubu, shugaban masu gidaje na unguwar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya sanar da shi cewa manyan baƙi na tafe, har da Bature. Baba ya sa aka yi sanarwa a coci da masallaci.

Baƙin biyu ne. Hajiya Binta daga kamfanin fansho a Abuja, sai Baturen da kamfanin da zai tsaya wa bashin ya turo. Tun daga kwanar shiga unguwar na gane akwai matsala. An share hanya, an shafa wa duwatsun gefe farar ƙasa. 'Yan zumuntar mata sun yi anko suna waƙa. Na duba hagu, na duba dama, babu kurar ɗan garuwa ko ɗaya. Can kuma tsohon famfon unguwa, wanda kullum nake ganin awaki kwance a gindinsa, yana ta zubar da ruwa, har wata mata na wanke ƙafa a nitse.

Daga baya na ji yadda aka yi. Karo-karo mutanen unguwar suka yi suka ɗauko motocin ruwa da asuba, aka cika tsohon tankin da ke ba famfon ruwa. Matasa kuma suka roƙi 'yan garuwa su ɓoye kurarsu a bayan firamare har baƙi su tafi.

Ni ne tafinta. Baturen ya ce in tambayi Baba yaya wahalar ruwa take a nan.

Baba ya gyara zaman hularsa. "Ishaya, faɗa masa mun gode Allah. Ruwa kam ga shi yana gani."

Na rage murya. "Baba, amma ai shekaranjiya da na zo…"

"Shekaranjiya kai ka zo. Mutum ya taso tun daga Turai, sai in tare shi da kuka? Fassara, ɗana."

Na fassara. Na ɗan ƙara da cewa wataƙila ba kullum haka yake ba, amma ina jin ƙarar ganga ta danne maganar.

Baturen ya juya ga Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ya tambayi abin da take kashewa a ruwa.

"Haba, ɗan nan! Wa ke lissafin ruwa a gaban baƙo? Ka ce masa ya zo ya ci abinci, tuwo zai huce."

Haka muka zaga gida-gida, kowace randa cike har baki, kowace uwar gida tana cewa sai godiya. Alhaji Sabo yana murmushi, gumi na bin wuyansa.

A mota Hajiya Binta ta yi dariya har da hawaye. "Ni a Unguwar Mu'azu na girma," in ji ta. "Ranar da za a yi baƙi, har kujeru uwata ke arowa. Na gane komai. Amma Alhaji, ba ni ce mai sa hannu a takardar tsaya wa bashin ba."

Baturen kuwa ya yaba ƙwarai. Ya ce bai taɓa ganin al'umma mai dogaro da kanta irin wannan ba, don haka bai ga abin da zai sa su biya kuɗin mita ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, a iya fahimtata. Abin da aka nuna masa ya gani.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ishaya, kai ka san unguwar. Ka san yadda za ka yi."

Ban san yadda zan yi ba. Hajiya ce ta lallashi Baturen ya ɗage tafiyarsa, ta ce mu koma da sassafe ba tare da an gaya wa kowa ba. Na ce ina tsoron kada dattawa su ji ba daɗi. Ta ce za su fi jin ba daɗi in bazara ta sake zagayowa.

A keke mai ƙafa uku muka shiga. Tankin ya riga ya ƙafe, awaki sun koma gindin famfo. Layin jarkoki ya kai bakin titi. Mama Saratu da ɗaurin ƙirji ta riƙe kurar wani ɗan garuwa tana cewa, "Wallahi ba ka wucewa, tun jiya na biya ka!" Tana ɗago kai ta gan mu, ta saki kurar. Can ga Baba Yakubu ya fito daga gida da singileti, bokiti a kowane hannu.

Ban taɓa ganin Baturen cikin farin ciki irin na safiyar nan ba. Yana ta ɗaukar hoto yana cewa madalla a harshensu.

Baba ya ajiye bokitan a hankali. Bai kalli Baturen ba, ni ya kalla.

"Ishaya, na ɗauke ka ɗa. Ka kawo mini baƙo ina cikin singileti."

Na fara cewa, "Baba, ai don aikin ne…"

"Na ji. Ku gama abin da ya kawo ku."

Bayan watanni da taruka masu yawa, kamfanin ya tsaya wa bashin, masu fansho suka ba da kuɗi, aka shimfiɗa bututu. Ba zan ce ziyarar ce kaɗai ta jawo haka ba, akwai wasu dalilai, amma ina kyautata zaton ta taimaka.

Abin da na koya, in har na koya daidai, shi ne a sana'ar nan rashin da mutane ke fama da shi muke kai wa masu kuɗi su duba, alhali mutanenmu sun fi ƙwarewa a ɓoye shi fiye da komai. Masu jari suna tsare amanar ma'aikata, mutanen unguwa suna tsare mutuncinsu, kai ƙaramin jami'i kana tsakiya, kuma da wuya ka fita ba ka ɓata wa wani ba. Yanzu kafin kowace ziyara nakan zauna da dattawa in roƙe su kada a gyara komai. Sukan ce to. Sai mu zo mu tarar an share hanya.

Ruwa na zuwa gidan Baba Yakubu yau, an ce kuma shi ke fara biyan kuɗin mita a layinsu. Na je gaishe shi da Kirsimetin da ya wuce. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi a kofin gilashi, ya zauna cikin babbar riga, ya kira ni Malam Ishaya.