Kanwar Jego a Tsakiyar Marka

Maigidana ne ya sa na rasa bikin sunan ɗan farin ƙanwata, kuma har maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban janye maganar ba. Yanzu da na koyi boko da furfura a kaina, ga shi na rubuta.

A Kalmalo take aure, bakin tafki. Innarmu ta rasu, don haka jegonta a wuyana yake: ni zan dafa ruwan wanka, ni zan dama mata kunun kanwa. Haihuwar kuwa ta faɗo tsakiyar marka, lokacin da ake kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Labarin bai iso mana Illela ba sai jajibirin suna. Aka ce maƙwabta ke lallaɓa ta, kuma ko ƙwayar kanwa babu a gidan.

Tsohuwar hanya tana zagayawa ta kan tudu. Sabuwar kuwa Nasara ya sa aka yanke ta miƙe ta cikin fadama. Da tilas aka sa maigida ɗaukar ƙasar aikin, amma da aka gama sai ya riƙa yabonta kamar gonar ubansa. Na ce masa gabas ta yi baƙi, kuma ban ga sawun saniya ko ɗaya a kan hanyar nan tasa ba.

"Mi kis sani ga hanya?" in ji shi. "Da kaina niz zuba mata ƙasa."

Ranar suna muka ɗora wa jaki mangalar kanwa, muka bi hanyar tasa. Ba mu yi rabi ba ruwa ya sauko. Jakinmu ya nutse a laka har ciki, ya kwanta abinsa. Muna ja, muna turawa, ina kallon kanwar cikin mangala tana narkewa tana bin ƙafar jakin. Ban rage masa baƙar magana ko ɗaya ba. Shi ko sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mini, hannu ɗaya dafe da malafa, alhali iskar ba ta kai haka ba.

Da la'asar muka dawo gida, suna ya wuce mu. A zaure ya cire malafar. Ashe tun ɗigon farko ya ɓoye curin kanwa guda a ƙarƙashinta, busasshe, har ya yi masa shaida a tsakiyar kai. Ya miƙo mini yana tambaya ko kwana nawa zai yi mata.

Na ce, "Goma, in ba kai za ka kai shi ba."

Washegari bayan asuba na sa curin cikin ƙwarya, na kife wata a kai, na ɗaure da tsumma. Ana yayyafi na kama hanyar tudu a ƙafa.