Ranar da Don Hilario Bai Gasa Nama Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe wa ƙungiyarmu ta masu tseren mota agogon awon gudu, tun da na yi ritaya daga koyar da harshen Latin a garin Villa María. Ba na tuƙi. Aikina shi ne in zauna a kan katangar filin tsere ranar Lahadin farko ta kowane wata, in rubuta lokacin da kowace mota ta ci kafin ta gama zagaye ɗaya. Sun zaɓe ni ne domin idan agogo yana hannuna ba ni da aboki. A cikin dukan waɗanda na auna wa gudu, babu wanda ya cancanci a rubuta labarinsa kamar Don Hilario Bertoldi, wanda ya fi kowa rashin sauri.

Dokokinmu biyu ne. Ta farko ta tsare rai ce: ba a wuce mota sai direbanta ya fito da hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi, domin ba gasa muke yi ba, kowa da agogo yake tsere. Ta biyu ta ciki ce: wanda lokacinsa ya fi na kowa muni a wannan rana, shi zai gasa wa jama'a nama. Shekara goma sha ɗaya cur Don Hilario ne a gaban garwashi.

Kafin ya shigo cikinmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar 'yan makaranta, yana kwaso su daga gonaki zuwa gari, bai taɓa ko gogar bango ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar farar mota ƙirar Torino, wadda ya yi ta sha'awa tun yana saurayi, ya gyara ta da hannunsa. Motar ba ta da laifi. Laifin na madubi ne. Mutumin da ya saba leƙa madubi don ya ga wane yaro ke jan gashin wane, ba ya iya daina leƙawa. Da zarar ya hango mota a baya, ko da nisanta ya kai rabin fili, sai ya saki totur ya miƙo hannu.

"Hilario, ina can nesa kamar ƙuda ka riga ka fito da hannu," in ji Mirta Zabala, mai kantin ƙarafa, wadda ta fi kowa gudu a cikinmu. "Hanya kake ba ni ko gaisuwa?"

"Duka biyun, 'yar uwa. Na ga kina sauri."

"Kowa sauri yake yi a nan, tsoho. Abin da ya kawo mu ke nan."

Na daɗe ina nazarin wannan hali. Ladabi alheri ne, babu shakka. Amma alherin da mutum ba ya iya dakatarwa ko a inda ba a nema ba, ya fara zama ɗabi'a kawai, ita kuwa ɗabi'a ba a yaba mata kamar yadda ake yaba wa zaɓi. Na taɓa faɗa masa haka. Ya ce in miƙo masa gishiri.

A watan Maris likitan ido ya ce yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Ya yi wa matarsa, Doña Nélida, alkawarin cewa Lahadin Afrilu ita ce ta ƙarshe. Da safiyar ranar, muna shan mate, shayin ganyen da muke sha a cikin duma, a bakin katanga, ya miƙo mini duman ya ce a hankali, "Farfesa, abu ɗaya nake so kafin in bar wurin nan. In zauna a tebur sau ɗaya, wani ya kawo mini nama. Amma in da gaske ne. Kada a ba ni sadaka."

Dakta Rómulo Ferreyra, likitan haƙori da muke kira Mai Sanƙo, yana kusa, ya kuma ji farkon maganar bai ji ƙarshenta ba. Shi ne kullum na biyu daga ƙarshe, ko da yake motarsa ta fi ta kowa tsada. Ya ja ni gefe.

"Farfesa, daƙiƙa uku kacal. Yatsanka ya ɗan yi gaggawa a kan agogo, wa zai sani?"

"Ni," na ce. "Sannan ka lura, Dakta, idan ya tashi daga ƙarshe, kai za ka gasa."

Ya shafa kansa. "Ban yi wannan lissafin ba. To, sai mu raba wahalar."

Ban fahimci nufinsa ba sai da aka buɗe fili a fita ta ƙarshe kafin azahar. Ya bi sauran direbobi bakwai ɗaya bayan ɗaya, suka shirya cewa kowa zai tafi a hankali, Don Hilario ya wuce su, ya samu lokacin da ya fi na wani. Har lokutansu na safe suka roƙi a soke, wai iska ta yi yawa. Motoci tara suka fita, Torino ce a baya kamar kullum. Mirta, wadda ke gaba, ta rage gudu. Na bayanta suka rage. Torino ma ta rage.

Ga kuskuren da babu mai iya yinsa sai su. A shekara goma sha ɗaya babu ɗayansu da ya taɓa ganin Don Hilario yana neman hanya a madubinsa, saboda haka babu wanda ya tuna cewa shi ma sai an miƙa masa hannu. Suka yi ta jira ya wuce, shi kuma yana ta jiran hannu. Suka ƙara ragewa, ya ƙara ragewa. Motocin da aka ƙera don su yi kilomita ɗari biyu suka jeru kamar masu rakiyar gawa, har mai yankan ciyawar filin ya jera da su a kan taraktarsa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Zagaye huɗu suka yi a haka. Na rubuta lokutan duka, domin aikina ke nan.

Da suka tsaya, Mirta ta cire hular kwano ta nufe shi.

"Me ya hana ka wucewa, don Allah? Ƙafata har ta yi tsami a kan birki."

"Ba a ba ni hannu ba."

"Hilario, da ƙafa ma ka wuce mu."

"Da ƙafa babu doka. Ni na ɗauka man fetur ne ya ƙare muku gaba ɗaya, ina ta tunanin wanda zan fara ja." Sai ya dubi fuskokinsu, ya gane. Dariyar da aka fara ta tsaya. "Na ce ba na son sadaka, Rómulo."

A nan na sa baki. Na ce abin da suka yi ƙarya ce, ko da da taya aka yi ta ba da harshe ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta canza mata suna. Na soke fitar, na maido da lokutan safe. Sannan na kawo hujjata: dokarmu ta ce agogo ne alƙali, ba ta ce dole a fita tare ba. Idan mutum ya fita shi kaɗai, tsawon fili bai ragu ba, daƙiƙa ba ta ƙaru ba. Abin da ya ragu kawai shi ne abin da ke cikin madubi. Kuma adalci ya wajabta a ba Dakta irin wannan dama, tunda shi ne zai ɗauki nauyin sakamakon.

Don Hilario ya fita shi kaɗai. Zagayen farko irin na kullum ne. A na biyu muka ji wata ƙara da ba mu taɓa ji daga Torino ba. Ya shiga kwanar ƙarshe taya na kuka, ya fito bai saki totur ba. Na danna agogo: minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da takwas. Mafi kyawun lokacin Dakta na ranar ya fi wannan tsawo da daƙiƙa guda da ɗoriya.

"Ina ka ɓoye wannan duk shekarun nan?" Mirta ta tambaye shi.

"Na ce wa kaina ranar jarrabawa ce, yara sun makara."

Dakta ya fita nasa zagayen da tsoron garwashi a ransa. Tsoro kuwa ba ya koya wa mutum inda zai taka birki. A kwana ta uku motarsa ta juya sau ɗaya da rabi ta tsaya cikin ciyawa lafiya lau, tana fuskantar inda ta fito. Ya dawo da ciyawa a bakin mota, ya karɓi dogon cokali mai yatsu na gashi ba tare da gardama ba.

Wajibi ne in faɗi gaskiya game da naman. Haƙarƙarin ya ƙone a waje, cikinsa kuwa ɗanye. Don Hilario ya zauna a gaban tebur kusa da Doña Nélida, ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa, idonsa na kan wutar.

"Rómulo, ja garwashin gefe. Rómulo, kada ka soke shi, ruwan zai zube."

"Zauna, zakara. Yau kai baƙo ne."

Dakta ya kawo masa yankan farko da kansa, da tawul a kafaɗa. Don Hilario ya yanka da ƙyar, ya daɗe yana taunawa, kowa yana jira.

"Yaya?" in ji Dakta.

"Ka shirya mini wuri a asibitinka ranar Litinin," ya ce, ya miƙa farantin. "Ƙaro mini."