Fanka Ta Tsaya, Wuta Na Tafe

Shekara shida ina auren 'yarta, amma da za a ce in kwatanta surukata, ƙafafunta kawai zan iya kwatantawa. Su nake kallo in na durƙusa gaisuwa, ita kuma bango take amsa wa. In magana ta kama, sai a nemo wanda zai tsaya tsakani, in faɗa masa ya faɗa mata, alhali ba mu fi taku uku da juna ba. Haka muka taso muka tarar, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba.

Lokacin ina malamin gona a Birnin Gwari, ba a daɗe da fara kashe naira ba. Matata ta shiga watanta, na tafi wani ƙauye bayan Randagi in ɗauko mata uwarta. Ƙanen matata ne zai rako mu, sai sussukar dawa ta riƙe shi. Haka muka kamo hanya mu biyu bayan azahar, ita a kujerar baya ta ja mayafi har hanci, ni a gaba na karkatar da madubi don kada ido ya yi kuskure.

Motar ƙarama ce, na saye ta a hannun wani malamin makaranta da zai koma garinsu. Fankarta ba ta bel ba ce, ta lantarki ce, sai inji ya yi zafi take tashi da kanta. Na sha yi wa abokai burga da wannan.

Mun yi nisa cikin daji, inda gamba ta fi mutum tsawo hagu da dama, sai ga gadu ya faso da gudu. Na taka birki, amma sai da bamba ta same shi. Ya wuntsila, ya tashi, ya shige ciyawa. Na fito na duba: bamba ta lotsa ciki, fitila ɗaya ta tsage. Haushi na ji kawai. Da ina da hankali da na tambayi kaina abin da ya koro gadu da tsakar rana.

Ba mu yi mil biyu ba allurar zafi ta hau ja. Na ce bari in lallaba. Sai tururi ya fara fita ta gefen bonet, motar ta yi tari ta mutu.

Da na fito ne na ga shirwa. Sun fi talatin, suna shawagi ƙasa-ƙasa ta bayanmu. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke tara shirwa haka: mafarauta sun sa wa daji wuta, fara na tashi. Sai baƙar toka ta soma sauka a kan rigata, siririya kamar gashin kaza. Iska kuwa ta wajenmu take kaɗawa. Hanyar ba ta fi faɗin motar da kamu biyu ba, kuma tsohuwar da ke ciki ba ta iya gudu.

Na buɗe bonet da gefen riga. Lagireto na tafasa, fanka tsit. Na juya ta da yatsa, ta juya lafiya, ke nan ba maƙalewa ta yi ba. Na zaro fis na ɗaga shi sama, bai ƙone ba. Na mayar, na sake zaro shi na sake dubawa, don tsoro ya hana ni yarda da idona. Saura waya. Na bi ta da hannu har ƙasa, nan na tarar ƙarfen bamba ya datse ta, ya kuma murƙushe ɗan abin da ke kunna fankar a gindin lagireto.

Dabara ɗaya ta rage, in ja waya daga batir kai tsaye zuwa fanka. Na fizgo wayar hon, na feƙe bakinta da haƙori. Sai na tuna akwatin sifanu yana gida, na ba maƙwabci aro. Ba abin da zan kwance kan batir da shi. Dole wani ya danna wayar da hannu yayin da nake ƙarƙashin mota, har inji ya huce.

Yanzu ina jin wutar, tana ƙara kamar ana karya kara. Na je gefen tagarta na durƙusa, na ce wa taya, "Da za a samu wanda zai taimaka ya riƙe wata 'yar waya."

Wallahi har sau biyu na faɗa wa tayar nan. Wani zomo ya gifta ta gabana, ko kallona bai yi ba.

Na miƙe na buɗe ƙofar, na dube ta ido cikin ido, na ce, "Inna, ku fito. Wuta ce. Ku fito yanzu."

Ta fito. Na kama hannunta, hannun surukata, na ɗora yatsunta a kan wayar, na danna a kan batir. "Nan za ku riƙe. Ko me ya faru kada ku saki."

Na tuɓe babbar riga a gabanta na shige ƙarƙashin mota. Sau uku wayar tana kuɓucewa. A na huɗu na murɗe ta, sai na ji fanka ta ɗauka. Ta yi kaɗan ta tsaya.

"Na ce ku danna!" Ni ne na daka wa uwar matata tsawa. Fankar ta sake tashi, ba ta ƙara tsayawa ba.

Na fito na ɗauko jarkar ruwa. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa gaba ɗaya, sai ya tsage, don haka na riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, hayaƙi na shiga mini ido. Ina jin bakinta na motsi da salati. Ban san minti nawa muka yi ba. Na dai san sai da na hangi jan harshen wuta ta saman gamba kafin na shiga na murɗa makulli. Ta ƙi. Na sake. A na uku ta kama.

Na karyo ƙayar bagaruwa na cusa wayar tsakanin kan batir da maƙallinsa, na buga da dutse. "To, ku saki." Ta saki, ta mayar da hannun cikin mayafi, ta koma kujerarta. Na ja mota, zafin wutar na dukan ƙeyata ta taga. Sai da muka haye wani rafi na rage gudu.

Har muka iso gida ina ta tunanin yadda zan ba da haƙurin tsawar nan, da kuma wanda zan aika ya ba da shi.

Da magariba ina alwala a tsakar gida, na ji matata a ɗaki tana cewa, "Inna, me ya sami yatsunki haka? Ai fatar ta saluɓe."

"Tukunya ce, da safe."

Wayar hon siririya ce, ba a yi ta don fanka ba, kuma in aka danna ta da hannu a kan batir wurin yakan yi zafi kamar garwashi. Na san haka sarai, tsoro ne ya mantar da ni. Tun tashin fankar na farko take ƙuna. Da zafin ya sa ta ɗan sassauta, ni kuma na daka mata tsawa.

Washegari na je na durƙusa a ƙofar ɗakin, ban nemi ɗan aike ba. Na ce, "Inna, hannun."

Ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "A gaya masa an ce kada in saki."