Alhaji Mu-Koma da Hular Dutse

Duk wanda ya san Alhaji Illiya, mijin yayata Hajiya Rakiya, ya san ba ya amsa sallama sai ya gaisa da iska. Ka tsaya da hannu a miƙe, shi kuwa ya ciro hankici ya ɗaga sama yana kallon inda ya kaɗa. Sai ya gamsu, sannan ya ce, "Wa alaikumus salamu, ta arewa ce yau."

Ku tuna fa, sai da ya ajiye aikin masana'anta a Saint-Fons ta ƙasar Faransa, gemu fari fat, ya shiga ƙungiyar masu ƙananan jiragen sama kusa da Lyon ya samo parminsa, wato lasisin tuƙin jirgi. Ranar ya yi wa Hajiya alkawari a gabanmu: da hannunsa zai kai ta ta ga farin dutsen nan mai ƙanƙara da ake hangowa daga Lyon, kusa da kusa. Ita kuwa ta riƙe maganar gam.

Tafiyar farko ko ƙasa ba su bari ba. Hajiya ta ci kwalliya, ta yi guzuri, suka tarar hazo ya kwanta a kwarin kogi.

"Alhaji, ai sama garau take can bisa."

"Hazo baƙo ne, a kwari yake kwana. Ba a tashin baƙo, Rakiya. Mu koma."

A cikin mota suka cinye kilishin.

Sai sunan jikarsu a Stains, gefen Paris. Ya rantse a jirgi za su isa Paris. To, iskar arewa in ta matsu tsakanin duwatsu, ta biyo kwarin nan kamar lungu, ba ta da mutunci. Suna sama iska ta tokare jirgin, Hajiya ta leƙa ƙasa ta hango manyan motocin kaya a titi.

"Alhaji, waccan kamiyon ta wuce mu fa."

"Ƙyale ta, ɗaukar magana take."

"Ga wata ma."

"Bon. Mu koma."

Jirgin ƙasa ya kai su, an riga an suɗe ƙashin ragon. Tun daga ranar 'yan kasuwar Goutte d'Or da ke Paris suka laƙaba masa Alhaji Mu-Koma, kuma wallahi amsawa yake yi, har da gyara hula!

Ta ƙarshe da ni aka yi, ina kujerar baya. Gari ya waye tangaran, ga dutsen can yana sheƙi, har Hajiya ta fara kabbara. Sai Alhaji ya nuna wani ɗan gajimare sumul da ya zauna a kan ƙololuwar.

"Dutse ya sa hula. In dutse ya sa hula, kai ma sa taka ka nufi gida."

Wai alama ce iska tana haye dutsen tana zubowa ta bayansa, ta danna ƙaramin jirgi ƙasa. Na ce, "Haba Alhaji, a kan hula? Yaya ta tsufa tana jira!" Ban rufe baki ba jirgin ya yi wata faɗawa, shayin hannuna ya tashi ya wanke rufi. Ni ne na fara ihu, "Mu koma! Don Allah mu koma!"

Ya juya jirgin a natse, ya ce, "Madalla, an samu magaji."

Hajiya ta yi fushi sosai ranar, har da hawaye. Ya ce mata a hankali, "Dutsen nan ba ya tafiya ko'ina, Rakiya. Ke nake tattali."

Bai samu cika alkawarin ba. A gadonsa ya cika, bara da sanyi. Wajen zaman makoki wani ya tuno labarin kamiyon nan, muka yi ta dariya har da share ido. Da labarin ya kai wa Hajiya a ɗakin mata, sai ta aiko a gaya mana: "Ku yi dariyarku. Bai kai ni dutsen ba, amma bai taɓa kasa maido ni gida ba."

Ni dai na yi kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Alhaji Illiya. Wannan tafiyar ba a komowa, Allah ya sa ya sauka lafiya, ya haɗa shi da iskar rahama. Amin.