Baba Yana Neman Goshin Mai Goge

Tun cikina yana wata biyar nake tsoron ranar suna. Haihuwar ma ba ta dame ni kamar sunan ba. In na kwanta da rana sai in riƙa ganin Baba ya shigo cikin taron surukaina da goge a hannu, mutane suna kallon juna.

Babana maƙerin goge ne, daga wani ƙauye kusa da Dogondutsi. Ba makaɗi ba ne, yana dai jan izga gwargwadon yadda zai ji ko abin da ya haɗa ya yi murya. Dangin mijina kuwa ƴan kasuwar Maradi ne da suka daɗe a Yamai, masu butik, wato shago, a kasuwar Wadata. A wajensu goge kayan bori ne da gidan giya. Ba su taɓa faɗa a gabana ba, amma in aka tambayi uwar mijina sana'ar babana, sai Hajiya ta ce ai manomi ne.

A shekarar ruwa ya ƙi a wajenmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, duma ma bai yi ƴaƴan kirki ba. Innata ta riga ta rasu, don haka Baba ya rufe ɗaki ya taho Yamai, ya samu rumfa a bayan gidanmu a unguwar Bukoki. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, an rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, sai ya wuni bai zo ba. Turawan da ke sayen goge su rataye a bango duk sun tafi. Makaɗan da ya sani a gari kuma, wasu sun bari, wasu sun koma sayen na roba da inji ke bugowa, mai tsarkiyar zaren kamun kifi. Baba ya ga irinsu jere a Wadata, dukansu kai ɗaya, ya juyo gida.

Ƙwarya ɗaya ya zo da ita, ta bara waccan, da fatar guza a naɗe cikin tsumma. Ya ce gogen jikansa zai haɗa da su. A gidanmu haka ake yi, ɗan fari na kowace ɗiya sabon goge ne ke fara yi masa magana ranar suna, daga baya a sayar wa makaɗi. Izga ce ta ba shi wuya. Dawakan ƙauye an sayar saboda ba ciyawa, sai da ya yi ta zirga-zirga wajen masu dokin sukuwa kafin wani ya yarda ya tsinko masa daga wutsiya. Ina kai masa fura ina iske shi yana tsefe gashin sili-sili, yana zubar da masu ƙulli.

Ƙanin mijina shi kaɗai ne ke zuwa rumfar. Ɗan jami'a ne, mai barkwanci, kullum matata yake ce mini, ni kuma in ce masa mijin da ba ya cefane. Ranar da Baba ya ɗaura tsarkiya ya shafa ƙaro, ya ja, yaron nan ya zauna a ƙasa ya kunna wayarsa yana ɗauka. Ya yi ta roƙon Baba ya ƙara, ya ja mai kauri, ya ja siriri. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce mini ashe a cikin surukaina akwai mai kunne.

Na haifi namiji. Kwana biyu kafin suna mijina ya zo yana sosa ƙeya, ya ce Hajiya ta ce malamai za su zo, da abokan kasuwa daga unguwar Koira Kano, a roƙi Baba ya bar abin nan a buhu. Shi ba zai iya tunkarar surukinsa da wannan ba, ni ma na kasa, sai wata gwaggo aka aika. Baba ya ce to. Ni kuwa, Allah ya sani, har ajiyar zuciya na yi.

Ranar suna an kafa rumfar tamfol a bakin titi. Ni ina cikin ɗaki, an yi mini lalle, an zaunar da ni kan katifa. Ɗan fari ne, dole in sunkuyar da kai, kada in yi dariya, kada in ɗauke shi a gaban mutane, sunansa ma ba zan kama ba har abada. Amma tagar ɗakin tana kallon titi, kuma labulen bai kai ƙarshe ba. Ina hango Baba a gefen tabarma da farar rigarsa ta Juma'a, buhun yana jingine a bayansa.

Bayan la'asar malamai sun watse. Ba kuran, sai aka tayar da gurup, injin ba da wuta, ƙanin mijina ya jona wayarsa da babban bafil mai ƙara sauti. Kawai sai na ji goge ya cika unguwa. Waƙa ce, da muryar mace, tana kiran sunan ɗana, tana yabon Hajiya da butik ɗinsu. Gogen yana gudu, yana hawa yana sauka, ba gargada. Matan da nake tsoron za su toshe kunne su ne suka fara tashi. Hajiya da kanta ta yafa mayafi tana taka rawa a bakin ƙofa. Wata ƙawarta ta leƙo ɗaki tana haki ta ce mini ai ba mutum ba ne, na'ura ce ta haɗa, ƙanin mijina ya ba ta sautin da ya ɗauka da sunayen mutane, kafin shayi ya dahu ta fito da waƙa.

Baba bai ji wannan bayanin ba. Na ga ya miƙe tsaye, ya karkata kunne. Ya laluba aljihu ya fito da takardar kuɗi, wadda na san ta goronsa ce. A wajenmu ba a jin kiɗa mai daɗi a zauna, sai an je an liƙa wa makaɗi a goshi. Ya ratsa cikin mata yana neman gafara, ya isa wajen bafil, ya leƙa bayansa. Ya zagaya bayan tamfol, ya dawo. Ya duba cikin zaure. Kuɗin yana ɗage a hannunsa.

Sai ya tsayar da ƙanin mijina. Lokacin waƙar ta ƙare, don haka kowa ya ji.

"Yaro, ina kuka ɓoye mai gogen nan? Kai ni in gaishe shi. Ina da sabon goge, irin hannunsa ya dace da shi."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka ɗauka. Wani daga cikin samarin fada, masu zaman shayi a bakin titi, ya ce Baba ya liƙa wa wayar, ai ita ma tana da goshi. Ƙanin mijina bai yi dariya ba, ya durƙusa yana ta bayani, yana cewa Baba ai gogenka ne, naka ne na'urar ta koya. Baba ya girgiza kai ya ce shi ya san iyakar hannunsa, bai taɓa ja haka ba.

Ni ina zaune. Nono yana zuba yana jiƙa mini sabuwar atamfa. In na fita ranar sunan ɗan fari na tsaya cikin maza, za a yi shekara ana faɗa. Gwaggo ta danna mini gwiwa ta ce zauna. Na ga Baba ya mayar da kuɗin aljihu, ya ɗauki buhunsa ya bi lungu.

Washegari ƙanin mijina ya je har rumfa ya ba shi haƙuri. Bayan na gama wankan jego ni ma na zauna na yi masa bayani iyakar fahimtata, ni da ban wuce aji uku a lakwal ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce:

"Ɗiyata, ba a jan izga sai da hannu. Sun dai ji kunyar nuna shi ne, kamar yadda suka ji kunyata."

Tun daga nan bai sake haɗa wani goge ba, ya ce sai wannan ya samu mai shi. Ɗana yanzu yana tafiya. Ita kuma waƙar na ji ta a sunaye da dama a Bukoki, an dai canza sunan jariri. Duk inda Baba ya ji ta sai ya tsaya ya tambaya. Da safe yakan rataya buhu ya nufi Wadata, yana bi ta wajen teloli da masu tura, yana cigiyar makaɗin. Masu kabu-kabu sun san shi, har sukan nuna masa hanyar ƙarya don su yi dariya. In maƙwabta suka kawo mini labari sai in shige ɗaki.

Don Allah, in kun haɗu da wani tsoho mai buhu a Wadata ya tambaye ku gidan mai goge, kada ku tura shi ko'ina. Ku ba shi wurin zama, ku ce ya kwance buhun ya ja muku ku ji.