Takardun Da Babu Sunanka, Malam Siddiq

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran malamina, Dakta Siddiq Munzali, masanin gero, a nan Doha, bayan jinyar kwana tara. Ina ofis da hantsi matarsa, Hajiya Jannat, ta kira ni. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Hajjo, Malam ya cika."

Malam, tun daga ranar ban samu natsuwa ba, kuma ba rashinka kaɗai ne ya hana ni ba. Tsoro nake ji. Zan faɗi dalili, amma bari in fara da kai.

Shekara talatin ka yi kana bin ƙauyukan Gumel da Maigatari da Daura a kan tsohon babur, kana roƙon manoma ɗan tafin hannu na irin da suka gada. Mu ɗalibanka har tsiya muke yi maka, muna cewa babur ɗin ya fi mu sanin hanya. Da haka ka tara iri ɗari huɗu da goma sha biyu a ɗakin ajiya kusa da Gumel, kowanne da sunan manomin da ya ba ka. Wasu a yau babu su a gonar kowa. Kai ka koya mana cewa iri ba ya jira har abada. Idan ba a shuka shi an sabunta shi duk bayan 'yan shekaru ba, sai ya mutu a cikin kwalbarsa, babu wanda zai ji motsi.

Da wata gidauniya ta ɗauki nauyin ɗakin, ta kawo ka Doha shekara biyu da suka wuce, ba ka sake hali ba. Duk Juma'a sai ka bar unguwarku Aziziya ka tafi Sanaiya, unguwar masana'antu, wurin direbobi da masu gadi 'yan Arewa, ka zauna a kan tabarma kana tambayar gonakin iyayensu. Ranar zaman makoki sun cika ƙofar gidanka, wasu da kayan aiki a jikinsu. Wani direba, Baballe, ya tare ni ya ce, "'Yar'uwa, geron da babana ya girbe bara na Dakta ne. Kwana saba'in, khalas, shi ke nan ya nuna. Ruwa ya ɗauke amma mun ci."

Kana da wata ɗabi'a da duk ɗalibanka suka sani, kowa kuma ya yi shiru a kanta. Idan aka gama bincike, sai ka cire sunanka daga takardar, ka bar na ɗalibin shi kaɗai. Ranar da ka yi mini haka na ce bai dace ba. Ka yi dariya ka ce, "Sunana ya riga ya samu aiki, Hajjo. Naki ne bai samu ba." Da wannan takarda na samu gurbin karatun da ya kawo ni ƙasar nan.

A nan ne tsorona yake. Aikin da nake haɗawa da karatu a yanzu shi ne auna tasirin masu bincike: in ƙirga takardun mutum, in ƙirga sau nawa wasu masana suka ambace su. A watan Nuwamba gidauniyar ta nemi a auna ka, domin ta yanke ko za ta ci gaba da riƙe ɗakin irin, aikin kuwa ya faɗo a teburina. Ƙa'ida ta ce abin da ke ɗauke da sunan mutum kaɗai ake ƙirgawa. Na samu takardu goma sha ɗaya masu sunanka, an ambace su sau talatin da takwas. Tawa guda ɗaya, wadda kai ka tsara ta ka kuma rubuta rabinta, an ambace ta sau ɗari da arba'in. Na san wasu fiye da ashirin irinta.

A ƙasan rahoton akwai fili na ƙarin bayani. Na daɗe ina kallonsa, sannan na bar shi fayau. Lokacin da na nemi gurbin karatu na sa hannu cewa takardar tawa ce ni kaɗai, kuma na ji tsoron abin da zai biyo baya.

An aika maka da kwafin rahoton. Da na je duba ka a asibiti, ka dube ni ka ce, "Na ga lissafinki. Kin iya aikinki." Daga nan ka koma tambayar ko na ci abinci. Har yau ban sani ba ko yabo ne, ko tsokanar da ka saba, ko kuwa wani abu ne da ya fi su nauyi. Na ce a raina zan yi maka bayani idan ka samu sauƙi.

Kwamitin gidauniyar zai zauna ranar Lahadi, 2 ga Fabrairu, da rahotona a gabansa, kai kuma ba ka nan. Idan suka janye, babu wanda zai shuka irin nan a damina mai zuwa. Na kira tsofaffin ɗalibanka ɗaya bayan ɗaya. Umar Faruq da Adisa sun yarda a faɗi gaskiya a kan takardunsu. Sauran sun daina ɗaukar wayata, ban kuwa ga laifinsu ba, domin na san abin da suke ji.

Ina tsoron a karɓe gurbina in koma gida ba digiri. Ina tsoron su ce ƙa'ida ƙa'ida ce, a rasa irin, ni ma in rasa. Ina tsoron kuma na tona abin da kai ka rufa da hannunka. Amma wanda ya fi hana ni sakat shi ne ranar da za a tambaye ni a kan awon da na tauye ina sane.

Don haka na rubuta a nan, a bainar jama'a, inda ba zan iya gogewa ba. Takardar gero mai saurin nuna da aka sani da sunan Hajjo Auta, taka ce, Malam. Ni taya ka na yi. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Jannat, da 'ya'yanka Mumin da Nusrat, da ɗalibanka, da manoman da har yanzu labari bai kai gare su ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya kowace zangarniya da ta fito daga wahalarka a mizaninka. Allah Ya ba iyalinka haƙuri. Ni kuma, ranar Lahadi idan na tsaya a gaban kwamitin, Allah Ya hana bakina rufewa karo na biyu. Amin.

Hajjo Auta
Doha