Rairayin da ke Bayan Fannami

Fannami mutumin Gidigir ne, amma a Gure ya tsufa, yana da ɗan lambu a kwari: albasa, rogo, da dabino uku. Wanda ya gan shi a sunkuye yana jan guga ba zai ce shi ne ya yi shekara goma sha tara a fagen kokowa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Makaɗa kan ce da shi, "Gorubar Gidigir, bayanka bai san rairayi ba." Wannan kirari shi ne dukiyarsa, don bai tara wata ba.

A shekarun da Nasara ke kwasar samari aikin hanya, wani ɗan kasuwa mai suna Barmo ya zo daga Damagaram da garin sassaƙe da kanwa da citta, wai maganin ƙarfi. Kasuwa uku ta ci, ko kallon rumfarsa ba a yi ba. Barmo kuwa akwai kunne. Da ya ji labarin Fannami, sai ya kai masa riga mai aiki, ya ce abin da yake so kawai ya riƙa zama a rumfar ran kasuwa. Aka samo maroƙi yana ta kwarara ihu, "Ga abin da Fannami ke sha!" Samari suka yi caa a kan garin maganin.

Fannami bai taɓa lasar abin nan ba, amma ya yi shiru. Ba zan wanke shi ba: daɗin jin sunansa a bakin mutane ne ya rufe masa baki.

Da ciniki ya fara sanyi, Barmo ya ce a yi karo, tsohon da Ma'azu, wani makiyayi daga Alakoss mai wuya kamar na bijimi. Yakura, matar Fannami, ta ce, "Maigida, da wace gwiwar? Wadda ba ta hawa tudu sai da sanda?" Ya ɗauko warkinsa da layunsa. A ransa ya yarda har yanzu zai iya.

Bayan la'asar fage ya cika, ganga na tashi. Barmo ya miƙa wa Fannami ƙwaryar maganin a gaban kowa, ya shanye, ɗaci har ƙeya. Suka shiga, suka kama juna.

Nan take Fannami ya gane. Ƙugun Ma'azu a sake yake, ƙafarsa ta hagu kuma a waje, an ajiye masa ita kamar kyauta. Mai neman kayar da mutum ba ya tsayuwa haka. Kunya ta kama shi, sannan fushi ya biyo. Ya sa baki a kunnen saurayin.

"Me Barmo ya ba ka?"

"Bargo da takalmi, Baba. Ka ja ƙafar kawai, in faɗi."

"Ni za ka yi wa sadaka a fage?"

"Baba, bayanka fa. Ba na son ya zama ni ne."

"Bayan nawa ne. Ka kama ni da gaske, ko in sake ka in gaya wa mutanen Alakoss an saye ka da bargo."

Hannun Ma'azu ya yi tauri. Wallahi tsohon ya yi abin da ya iya. Sau biyu ya girgiza shi har mata suka yi guɗa. A na uku gwiwar ta ƙi, Ma'azu ya ɗaga shi ya shimfiɗe. Ganga ta tsaya.

Ma'azu ya tashe shi da hannu biyu yana hawaye. Fannami ya juya a hankali, gabas da yamma, don kowa ya ga rairayin da ke manne a bayansa.

"Jama'a, yau ne farkon shana garin Barmo," in ji shi, "kun kuwa ga aikinsa. Ƙarfina gero ne da guga. Ya zo, ya tafi."

Dariya ta ɓarke, ba shi ake yi wa ba. Ya ɗauko rigar nan ya ajiye wa Barmo a kan buhun garinsa. Kafin kasuwa ta zagayo, Barmo ya ɗaure kaya.

Daga ranar makaɗa suka daina wancan kirari, kuma abin ya ci ransa har ya koma ga Allah. Amma a yammacin nan, da ya shiga gida, Yakura ta ɗauko tsumma za ta kakkaɓe masa baya, ya riƙe hannunta.

"Bar shi tukuna, Yakura," ya ce. "Da gaskiya na same shi."